Kwarjini ko Mutunci: Abin da Ginin Gidan Shari'a ke Faɗa wa Mai Shigarsa

A ranar 16 ga watan Afirilu na shekarar 2018 aka fara zaman shari'a a sabon ginin kotun birnin Paris, a unguwar Batignolles da ke gefen arewa maso yammacin birnin. Gini ne na gilashi da ƙarfe, mai tsawon mita 160 da hawa 38, da ɗakunan shari'a 90 a cikinsa. Renzo Piano, ɗan ƙasar Italiya da ya zana shi, ya bayyana tun farko cewa yana son gidan shari'a mai haske, wanda mai shigarsa ba zai ji an danne shi ba. Sai dai tun kafin a buɗe ƙofa lauyoyi suka tayar da jijiyar wuya a kan wani abu da bai kai faɗin ɗakin kwana ba, wato akwatin gilashin da aka kafa a wasu ɗakunan domin a riƙa zaunar da wanda ake tuhuma. Suka ce mutumin da aka gabatar a cikin akwati an riga an nuna shi ga jama'a a matsayin mai laifi, alhali alƙali bai furta komai ba tukuna.

Wannan gardama ta wuce iyakar Paris. Duk al'ummar da ta keɓe wuri domin raba husuma tsakanin mutane ta riga ta amsa wata tambaya, ko ta sani ko ba ta sani ba. Me ya kamata mutum ya ji a ransa in ya tsallaka dokin ƙofar gidan shari'a, tsoro ko natsuwa? Wa kuma ya kamata mai zane ya sa a gaba: alƙalin da zai zauna a ciki kullum, ko gwamnatin da za ta biya kuɗin, ko kuwa talakan da zai shigo sau ɗaya a rayuwarsa, zuciyarsa na dukan uku-uku?

Ginin da ke magana kafin alƙali

Ba kasafai mutum kan nufi kotu da farin ciki ba. Mai zuwa asibiti yana sa ran sauƙi, mai zuwa kasuwa yana sa ran riba, amma mai zuwa kotu bai san da wace fuska zai koma gida ba. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Wanda ke cikin wannan hali yakan lura da komai. Yakan ƙidaya matakalar da ya hau, ya dubi tsawon ƙofa, ya ga inda aka ce ya tsaya da inda abokin shari'arsa ya zauna. Daga waɗannan yake fahimtar matsayin da aka ba shi, tun kafin a kira sunansa.

Kowane ɗayan abubuwan nan kuwa wani ne ya zaɓe shi. Wani ne ya yanke shawarar yawan kamun da teburin alƙali zai ɗara kan jama'a. Wani ne ya ce ga ƙofar da ɗan kaso zai shigo ta cikinta, ga kuma wadda shaida zai bi. A kotunan Faransa, da na ƙasashen da suka gaji tsarinta, mai gabatar da ƙara da sunan gwamnati yakan zauna a kan dandamali, daidai da tsawon mazaunin alƙalai, lauyan wanda ake tuhuma kuma yana ƙasa. Lauyoyin Faransa sun daɗe suna yi wa wannan tsari laƙabi da kuskuren kafinta. Ba'a ce, amma da magana a cikinta. Doka ta ce mai tuhuma da mai kariya ɓangarori biyu ne a gaban alƙali, katako kuma ya ce ɗaya abokin zaman alƙali ne, ɗaya mai roƙo. Baƙauyen da bai taɓa karanta doka ba abin da katako ya faɗa shi zai ɗauka, domin gani ya kori ji.

Saboda haka zanen gidan shari'a yana cikin ayyukan da ake auna su da ma'aunin ɗa'a. Hukuncin alƙali na mutum ɗaya ne, kuma ana iya ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da aka zuba da siminti kuwa yakan shafi duk wanda ya shigo har tsawon shekaru ɗari, ba tare da wata ƙofar ɗaukaka ƙara ba.

Hujjar masu son kwarjini

Amsa ta farko, wadda Turai ta fi riƙo da ita a ƙarni na 19, ita ce gidan shari'a ya zama mai ban tsoro. Babu inda aka kai wannan ra'ayi ƙarshensa kamar birnin Burusel na ƙasar Beljiyam. Daga 1866 zuwa 1883 aka gina fadar shari'ar da Joseph Poelaert ya zana, wadda faɗin filinta ya ɗara na babbar majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Roma. An aza ta a kan tudun da ake rataye masu laifi a zamanin da, tana kallon unguwar talakawa ta Marolles daga sama. Kafin a kafa harsashinta sai da aka rushe wani sashe na unguwar, aka tashi mazaunanta. Haushin abin ya sa kalmar "mai zanen gini" ta koma zagi a bakin mutanen unguwar. Poelaert ya rasu a 1879 bai ga ƙarshen aikinsa ba, ginin kuma ya zame wa ƙasar kaya, domin ƙarafan gyaran da aka kewaye shi da su a 1984 sun yi kusan shekaru 40 a jikinsa.

Yana da sauƙi a yi wa irin wannan gini dariya, amma masu ra'ayinsa suna da hujjar da ta cancanci a saurare ta. Hukunci abu ne mai nauyi: yana raba mutum da gonarsa, da ɗansa, da shekarun rayuwarsa. Wanda aka kayar dole ne ya karɓa, ko da zuciyarsa na tafasa, in ba haka ba kowace shari'a sai ta ƙare da sanda da takobi. Abin da ke sa ya karɓa shi ne jin cewa wanda ya yanke hukuncin ba da bakinsa kaɗai ya yi magana ba, akwai wani abu a bayansa da ya girmi alƙalin kansa, ya girmi masu shari'ar duka biyu. Rigar alƙali, da miƙewar jama'a in ya shigo, da tsawon rufin ɗaki, duk wannan aiki suke yi. Bayan haka, in ji su, kotu ba talaka kaɗai take kira ba. Tana kiran attajiri da minista da mai bindiga, waɗanda ba su saba sunkuyar da kai ba, kuma sai gini ya fi su girma kafin su tuna su ma mutane ne.

Raunin wannan hujja yana bayyana in aka dubi wanda ginin ke firgitawa a zahiri. Attajiri ya saba da manyan gine-gine. Yana zuwa da lauyan da ya san kowane lungu, ya san magatakarda da sunansa. Wanda gwiwarsa ke sanyi a gindin ginshiƙi shi ne wanda duniya ta riga ta ƙasƙantar: bazawarar da ta zo neman gadon marayunta, lebura, baƙon da ba ya jin harshen da ake magana da shi. Tsoro kuma maƙiyin gaskiya ne. Shaidar da ya firgita yakan manta, ya rikice, ya amsa da "i" ga duk abin da babba ya tambaye shi don ya samu ya fita. Ginin da ya tsorata shi ya rage wa alƙali abin da yake nema, wato sahihin labarin abin da ya faru.

A nan harshen Hausa yana da bambancin da ke da amfani. Kwarjini daban, ban tsoro daban. Dattijo mai kwarjini in ya shigo akan yi shiru, amma yaro yana iya zuwa gabansa ya kai kuka. Mai ban tsoro kuwa gudunsa ake yi. Gidan shari'a yana bukatar na farko, na biyun kuma cutar da shi yake yi.

Alkawarin gilashi

Amsa ta biyu ita ce ta wannan zamani, wato a sauya dutse da gilashi. Tsohuwar fadar shari'ar Paris tana kan tsibirin da ke tsakiyar kogin Seine, inda sarakunan Faransa suka taɓa zama, kuma har yanzu kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli ta warware hukunci suna can. Wurin ya yi wa kotun matakin farko kaɗan, ofisoshinta suka warwatsu cikin birni. A 2009 shugaba Nicolas Sarkozy ya sanar da cewa a Batignolles za a gina sabuwa. Piano ya aza manyan akwatuna uku a kan wani faffaɗan gindi, kowanne ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, da lambunan itatuwa a kan rufin kowane mataki. Ɗakunan shari'a suna cikin gindin, kewaye da babban zauren jira mai farin fenti wanda hasken rana ke sauka cikinsa ta rufi. Wanda ya san duhun tsofaffin kotuna ba zai raina wannan ba. Wurin zama, da haske, da teburin tambaya a bakin ƙofa, da hanyar da mai keken guragu zai bi, duk girmamawa ce ga ɗan Adam.

Amma gilashi ya yi alkawarin da ya fi wannan. Yana cewa ba a ɓoye komai a nan. Shi ya sa ya dace a tambaya: me ake gani ta cikinsa, wa kuma yake gani?

Kamar sauran manyan kotunan zamani, an raba ginin da hanyoyi uku da ba sa haɗuwa sai a ɗakin shari'a: ta jama'a, ta alƙalai da ma'aikata, da ta waɗanda aka kawo daga gidan kaso. Dalilin tsaro ne, kuma dalili ne na gaske, domin wannan kotu ce ke binciken manyan laifuffukan ta'addanci na ƙasar. Sai dai sakamakonsa shi ne benen da ake hangowa daga nesa, mai ƙyalli, na ofisoshi ne da ba a shiga sai da katin buɗe ƙofa. Lauyoyi sun yi ƙorafi cewa a tsohuwar fada suna iya ƙwanƙwasa ƙofar alƙali ko magatakarda su warware ƙaramar matsala cikin minti biyar, a sabuwa kuwa ƙofofi masu kulle kansu sun shiga tsakani. Haka kuma ƙananan kotuna 20 da ke warwatse a gundumomin birnin, masu duba rigimar haya da ƙananan basussuka, an tattare su wuri ɗaya a cikin ginin. Tsohuwar da a da take takawa da ƙafa zuwa kotun unguwarsu, yanzu sai ta ratsa birni.

An ruwaito cewa da labari ya kai wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi cewa gwamnansa na Kufa, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya gina gida ya sa masa ƙofar da ke tsare shi daga hayaniyar kasuwa, sai ya aiki Muhammadu ɗan Maslama ya je ya ƙone ƙofar. Sa'adu ba azzalumi ba ne, sahabi ne mai daraja, kuma hayaniyar kasuwa da gaske tana hana aiki. Abin da Umar ya hango shi ne ƙofar da aka sa domin a sami natsuwa, da sannu takan zama shamaki tsakanin mai iko da mai kuka. Katin buɗe ƙofa jikan waccan ƙofa ce.

Batun akwatin gilashi ya fi tsanani. A 2014 Kotun Turai ta kare hakkin ɗan Adam ta yanke hukunci, a wata ƙara da aka kai ƙasar Rasha, cewa sanya wanda ake tuhuma a kejin ƙarfe lokacin shari'a wulaƙanci ne da babu dalilin da zai halatta shi. A 2016 ta ce akwatin gilashi bai kai keji muni ba, amma yana iya zama wulaƙanci in aka cunkusa mutane a ciki, yana kuma iya tauye kariya in ya hana mutum ganawa da lauyansa a asirce. A Faransa, ministar shari'a Nicole Belloubet ta dakatar da kafa sababbin akwatuna a ƙarshen 2017, a watan Afirilun 2018 kuma mai kare hakkin jama'a na ƙasar, Jacques Toubon, ya soki yadda ake sa kowa a ciki ba tare da duba haɗarinsa ba. Aka rage yawansu a sabon ginin. Darasin a fili yake. Gilashin da ke bango yana barin haske ya shigo, wanda ke kewaye da mutum kuwa baje kolinsa yake yi. Abu ɗaya ne, amma wurin da aka sa shi ya juya ma'anarsa.

Akwai kuma abin da gilashi ba ya nunawa ko kaɗan. Kamfani mai zaman kansa ne ya gina kotun a ƙarƙashin yarjejeniyar shekaru 27, gwamnati tana biyansa haya, jimillar kuɗin ta haura Yuro miliyar 2. A ƙarshen 2017 kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta soki wannan hanya saboda tsadarta. Kuɗin da haya ta ci kuɗi ne da ba za a ɗauki magatakarda ko tafinta da su ba, jinkirin shari'a kuma ba a ganinsa ta taga.

Duk da haka, a ranar 1 ga watan Maris na 2021, a cikin wannan gini, aka sami Nicolas Sarkozy da laifin cin hanci da amfani da matsayi, aka yanke masa ɗaurin shekaru uku, biyu daga ciki na jeka-ka-gyara-halinka. Wanda ya zaɓi filin ya tsaya a ciki ana karanta masa hukunci. Ranar nan ginin ya sami kwarjinin da tsawonsa bai ba shi ba.

Tubalin gidan kaso

Amsa ta uku ta fito daga Afirka ta Kudu. Da mulkin wariyar launin fata ya faɗi, aka kafa Kotun Tsarin Mulki, wadda a 1995 ta soke hukuncin kisa. Da alƙalanta suka tashi neman mazauni na dindindin, sai suka zaɓi wurin da kowa ke ƙyama: tsohon gidan kason birnin Johannesburg, inda aka taɓa tsare Mahatma Gandhi da Nelson Mandela da dubban baƙaƙen fata da laifinsu bai wuce rashin takardar izinin yawo ba. An rufe shi a 1983. Aka rushe sashen da ake ajiye masu jiran shari'a, aka tsince tubalansa, aka gina bangon ɗakin shari'a da su. An buɗe ginin a ranar 21 ga watan Maris na 2004, ranar tunawa da kisan Sharpeville na 1960.

Tunanin da aka gina shi a kai shi ne shari'a a gindin itace. Ginshiƙan zauren shiga a karkace suke kamar kututture, haske na saukowa ta tsagogin rufi kamar ta tsakanin ganye. An rubuta sunan kotun a gaban ginin da harsuna 11 da ƙasar ke aiki da su a hukumance a lokacin, aka sassaƙa hakkoki 27 na kundin tsarin mulki a jikin ƙofar katako. Gaban teburin alƙalai 11 an lulluɓe shi da fatun shanu. Akwai kuma wata siririyar taga a bangon ɗakin shari'a, daidai da ƙasan titi, wadda ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, ba a sanin na mai kuɗi ne ko na matalauci.

Abin da ya bambanta wannan gini shi ne wanda yake yi wa gargaɗi. Fadar Burusel tana tuna wa talaka ƙarfin hukuma. Kotun Johannesburg tana tuna wa alƙali abin da hukuma ta taɓa aikatawa da sunan doka, domin waɗanda suka kwana a tsakanin tubalan nan alƙalai ne suka aika da yawancinsu, da takarda da hatimi.

Ko wannan ma yana da iyaka. A shekarar 2000, kafin a gama ginin, kotun ta yanke shahararren hukunci a ƙarar Irene Grootboom, ta ce wajibi ne gwamnati ta yi tanadin matsuguni ga waɗanda ke cikin matsananciyar bukata. Matar ta rasu a 2008 tana zaune a ɗakin kwano na unguwar marasa galihu. Kyan gini da kyan hukunci ba su kai ta ga gida ba. Gini alkawari ne kawai, in ba a cika ba sai ya koma shaida a kan waɗanda suka ɗauke shi.

Zaure da abin da ya rage a koya daga gare shi

Itacen shari'a ba na Afirka kaɗai ba ne. Faransawa ma suna tunawa da sarkinsu Louis na 9, wanda a ƙarni na 13 yakan zauna a gindin wani babban itace a Vincennes, mai kuka ya matso ba tare da ɗan ƙofa ba. A ƙasar Hausa kuwa wurin shari'a zaure ne, na sarki ko na alƙali, kuma zaure ɗaki ne mai fuska biyu: ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon cikin gida. Mai wucewa yana jin abin da ake faɗa. Alƙali yana kan buzu, masu shari'a suna gabansa a shimfiɗa ɗaya, ana magana da harshen da kowa ke ji.

Wannan tsari yana da tushe a littattafan da malaman ƙasar suka karanta. Wasiƙar da ake dangantawa ga Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ta sa daidaita masu husuma a wurin zama da kallon fuska a sahu ɗaya da daidaita su a hukunci, saboda kada babba ya yi tsammanin za a karkata gare shi, ƙarami kuma ya fid da rai. Malaman mazhabar Malikiyya sun tattauna inda ya fi dacewa alƙali ya zauna. An san zama a masallaci tun da daɗewa, amma wasunsu suka fifita harabarsa ta waje, domin wanda ba Musulmi ba, da matar da ke cikin uzuri, da mai rauni su iya isa gare shi. Sun kuma hana alƙali yanke hukunci cikin fushi, suka haɗa da duk abin da ke dagula tunani, kamar yunwa da ƙishirwa da tsananin zafi. Waɗannan duka maganganu ne a kan gini, ko da ba a ambaci tubali ba.

Ba daidai ba ne a mai da zaure aljanna. A cikinsa talaka yakan gurfana, dogari na tsaye a kansa. Matar kulle sau da yawa ta bakin wakili ake jin ta. Inda kowa ya san kowa, sirri ba ya ɓoyuwa, yarinyar da aka ci zarafinta kuma tana bukatar ƙofar da za a rufe da hanyar da ba za ta yi kiciɓis da wanda take ƙara ba. Birane kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna bukatar ɗakin ajiyar takardu da gara ba za ta ci ba, da wurin tsare mai haɗari. Komawa zaure ba zai yiwu ba. Kwaikwayon benen Paris ma ba shi da amfani, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da za a ɗauka shi ne ma'auni. A Nijar, rigimar aure da saki da gado da gona takan fara a gaban mai gari ko sarki domin sulhu, in ta gagara ta isa gaban alƙali, wanda ke zama tare da masu ba shi shawara a kan al'ada. Mutumin da ya baro zaure ya shigo kotu yakan tarar da dokoki rubutattu da Faransanci, maganarsa kuma sai ta bi ta bakin tafinta. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk ranar da magabata suka tashi gina sabuwar mashara'anta ko gyara tsohuwa, tambayoyin da suka kamata a fara da su ƙanana ne. Ina wanda ya taso daga ƙauye tun asuba zai zauna a inuwa, ina zai sha ruwa, ina zai yi alwala? Mai goyo tana da inda za ta shayar? Wanda bai iya karatu ba zai gane ƙofar da ake nemansa ba tare da ya faɗa hannun ɗan kamasho ba? Na bencin baya yana jin muryar alƙali? Ina aka tsayar da tafinta? Wanda aka kawo daga gidan kaso, da doka ta ce ba shi da laifi har sai an tabbatar, ta gaban jama'a za a ratsa da shi da ankwa? Yana da kusurwar da zai gana da lauyansa ba tare da jandarma ya ji ba? Ɗakin zai zaunu a watan Afirilu in wuta ta ɗauke?

Ilimin amsa tambayar ƙarshe yana nan cikin ƙasa. Maginan da suka ɗaga fadar Damagaram da soraye na unguwar Birni sun san yadda kaurin bango da tsawon rufi ke korar zafi. Masallacin Yama na jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aikin ya kammala a 2018. Ƙasar da ta iya gina wa ibada da karatu ɗaki mai sanyi da kwarjini tana iya gina wa shari'a irinsa.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne: alƙali adali a rumfar kara ya fi azzalumi a fadar marmara. Amma karin maganar bai ce a bar baƙo a tsaye cikin rana ba. Kwarjinin kotu daga hukuncinta yake fitowa, ranar da aka ga babba da ƙarami sun bi ƙofa ɗaya, kuma wannan yana wuyan alƙalai. Abin da ke wuyan mai gini shi ne mutuncin wanda ya fi kowa rauni a ɗakin, wato mutumin da ake tuhuma ba a kai ga tabbatarwa ba. In za a duba zanen sabuwar kotu, daga bencinsa ya kamata a fara, a bar hoton gaban gini zuwa ƙarshe.